Inda Baba Ya Sa Alli

Litinin, 2 ga wata, ƙarfe 5 na yamma

Makullai suna hannuna! Guda tara a zare ɗaya. Shekara goma sha tara ina taka keken ɗinki har ƙafata ta dama ta fi ta hagu kauri, yau ga ni mai gidan haya. Ciki da falo huɗu, kowanne da kicin da banɗakinsa, ga tsakar gida, ga tanki a sama. Wanda ya sayar min har sabon fenti ya yi, ruwan madara, sai ƙamshi yake. Abban yara ya ce in rufe baki haka nan kar haƙorana su bushe. Na ce ya bar ni, yau ranata ce.

Gida shida dillali ya nuna min, amma tun da na taka wannan na san shi ne. Baba ne ya ja masa ruwa lokacin da aka gina shi, ina 'yar firamare, har na tuna ina kawo masa abincin rana nan a kwano mai murfi. Da na je na gaya masa sai ya tuntsire da dariya ya ce, "Uwata ta zama mai gida, mu kuma sai mu zo neman aiki." Rabon da in ji dariyarsa haka tun rasuwar Mama.

Yaya ya kira sau uku, ban ɗauka ba. Na san zancen. Tun abin da ya faru ranar Talatar nan ya kafe wai ƙarshen wata zai zo ya ɗauki Baba ya koma da shi can wurinsa, tafiyar yini guda, a rufe gidan Baba. Baba ya ce ba inda za shi. Ni ma na ce ba inda za shi. Gidansa layi biyu ne da nawa, safe da yamma ina leƙa shi. Don mutum ya yi kuskuren hanya sau ɗaya sai a kwashe shi kamar kayan wanki? Baba lafiyarsa ƙalau.

Alhamis, 5 ga wata, ƙarfe 1 na rana

An fara sa tayil. Fari mai ɗigon toka na zaɓa, sai da na zaga shago huɗu. Na bar yaran shago da ɗinki na zo na zauna a kan bokiti ina kallon mai tayil kamar ana biyana.

Dogo ya biyo. Shi ne ya yi wa Baba shekara goma sha biyu yana koyon aikin famfo, yanzu gemunsa ya yi fari amma har gobe Maigida yake ce wa Baba, ni kuma Auta. Ya yi min murna, ya zaga ɗakuna, sai ya tsaya ya ce, "Auta, an gwada ruwa kuwa?"

Na ce, "Wane gwaji? Aikin Baba ne fa."

Ya ce, "Aikin Maigida ba ya ƙarya, amma ƙarfe yana tsufa a cikin ƙasa. A cika tanki, a bar shi kwana biyu a gani, sannan a rufe ƙasa."

Mai tayil ya ce shi dai sati mai zuwa yana da wani aiki, in ya tafi sai bayan wata guda. Wata guda! Na ce a ci gaba. Dogo ya ɗaga kafaɗa ya ce Allah ya sa alheri. Shi dama tun yana saurayi komai sai ya hango masa matsala.

Asabar, 7 ga wata, ƙarfe 6 na yamma

An gama! Na cire takalmi na taka ɗaki huɗun nan kaf, ni kaɗai, har da 'yar rawata.

Litinin, 9 ga wata, ƙarfe 11 na safe

Na samu 'yar haya ta farko. Malamar asibiti ce, mai fara'a, asibitinsu nan bayan layi yake. Ta shiga ɗakin gaba ta duba, ta buɗe tagogi, ta ce, "Hajiya, ni tambayata ɗaya ce, akwai ruwa? Inda nake yanzu sai na ɗebo a jarka kafin in tafi aiki, na gaji." Na bugi ƙirji na ce mahaifina ne ya ja ruwan gidan nan da hannunsa. Ta ce ɗaya ga wata za ta tare.

Na biya na kai wa Baba abinci. Na tarar da na jiya a rufe yadda na ajiye shi. Ya ce ya ci. Wataƙila a wurin maƙwabta ya ci, suna yawan miƙo masa.

Laraba, 11 ga wata, ƙarfe 8 na safe

Jiya da yamma na kunna inji na cika tanki har yana ambaliya. Na bi famfo ɗaya bayan ɗaya na tabbatar kowanne a rufe yake. Yau da safe na ƙwanƙwasa tankin, sai ya amsa min kamar ganga. Babu ko ɗigo.

Ina ruwan ya tafi? Tayil a bushe, tsakar gida a bushe. Ni 'yasu!

Alhamis, 12 ga wata, ƙarfe 3 na rana

Dogo ya zo. Allah ya saka masa, bai ce "ai na gaya miki" ba, amma gemunsa ya faɗa. Ya kai ni bayan gida ya sa farce ya kankare fentin ƙasan bango, sai ga shi yana ɓarewa, ƙarƙashinsa baƙi ƙirin da danshi. Ashe sabon fentin da nake ta yabo rufa-rufa ce. Wanda ya sayar min ya sani sarai. Na kira shi, wayar a kashe. Shi da Allah.

Dogo ya ce bututu ne ya ci tsatsa yake yoyo a ƙarƙashin ƙasa, kuma ruwa ba ya fitowa inda ya fashe, yana iya tafiya ɗaki biyu kafin ya nuna kansa. Hanya biyu ce, in ji shi. Ko a bi layi ana fasa tayil har a dace, ko a manta da na ƙasan a ja sabon bututun roba ta jikin bango a waje. Na ce tayil ɗin da ko sati bai yi ba? Kuma a zagaye min gida da bututu kamar an ɗaure kaya? Haba Dogo.

Ina cikin wannan sai abu ya faɗo min, har na miƙe tsaye. Baba! Wa ya san inda bututun gidan nan ya bi in ba wanda ya binne shi ba? Kuma duk garin nan wa ya kai shi jin yoyo? Tayil ɗaya zai nuna, a fasa, a gyara, a wuce wurin. Sannan in kira Yaya in ce to, ga mutumin da kake cewa ba zai iya zama shi kaɗai ba.

Dogo ya ce, "Auta, kin tabbata?" Na ce me zai hana? Ya gyara hularsa ya tafi.

Kai, yau zuciyata fari tas. Ashe yoyon nan alheri ne ya zo min a ɓoye.

Asabar, 14 ga wata, ƙarfe 10 na safe

Da na gaya wa Baba, wallahi sai da ya rage shekara ashirin a gabana. Ya ce in jawo akwatin aikinsa daga ƙarƙashin gado. Ya fito da ƙarfen sauraronsa, wani siririn ƙarfe ne da ya kai ƙugu, an sa masa dunƙulen katako a kai. Tsinin ake kafawa a ƙasa, a ɗora kunne a kan katakon. Katakon ya yi sulɓi saboda shekarun da ya yi yana gogar kunnensa.

Ya zaunar da ni ya yi min karatu. Wai ruwan da ke tafiya lafiya a bututu gunaguni yake yi, wanda ya samu ƙofa kuwa tsaki yake ja. Wai sai da sassafe ake sauraro kafin motoci su tashi, kuma ba a sauraro da takalmi. Ya ce, "Yaran yanzu guduma ce kunnensu." Na yi dariya har da hawaye. Duk wannan ya faɗe shi tiryan-tiryan, ko tuntuɓe babu. Ina ma Yaya yana nan ya ji.

Ya tambaye ni wane gida ne, na gaya masa. Da zan tafi ya sake tambaya, na sake gaya masa. Gidajen da ya ja wa ruwa sun fi ɗari biyu, ko ni ce sai sun cakuɗe min.

Litinin, 16 ga wata, ƙarfe 9 na safe

Ƙarfe shida muna can, ni da Baba da Dogo. Na cika tanki tun asuba. Baba ya fara daga gindin tanki yadda ya saba, ya shafa kowane haɗi da hannu, sannan ya tuɓe takalmi. Ya ɗaga mana hannu, muka yi tsit. Ka ga mutum! Ya sunkuya, ido a rufe, yana matsar da ƙarfen taki ɗaya ɗaya. Tsigar jikina sai da ta tashi. Na koma 'yar shekara takwas riƙe da kwano.

A falon ɗaki na biyu ya tsaya, ya daɗe, sai ya ciro alli daga aljihu ya zana gicciye a kan tayil. Ya ce, "Nan."

Dogo ya fasa. Ya tona har gwiwar hannu. Ƙasa a bushe, ko bututun ma babu a wurin. Baba ya ce a ƙara gaba kaɗan. Tayil huɗu suka tafi.

To amma ai akwai dalili. Mai injin niƙa na bayanmu ya tashi injinsa tun shida da rabi, ƙasa duk tana rawa. Wa zai ji tsakin ruwa a haka? Na je na roƙe shi ranar Alhamis ya jinkirta mana zuwa takwas, ya ce ba komai. Ranar Alhamis za a ga aiki.

Talata, 17 ga wata, ƙarfe 2 na rana

Tayil huɗu ne kawai. Akwai ragowar kwali guda a kicin.

Alhamis, 19 ga wata, ƙarfe 4 na yamma

Ba inji, ba mota, ko kaza ba ta yi kuka ba. Baba ya saurara ya sa alli a uwar ɗakan na huɗu. Ya ce nan kicin yake a da, bututu ya bi ta ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Dogo ya ce a hankali, "Maigida, anya an taɓa yin kicin a nan?" Baba ya daka masa tsawa ya ce shi zai koya masa gidan da ya yi da hannunsa? Ya ce ga taga nan, ga inda ake ajiye tulu, ga inda Mama take zama tana tsintar shinkafa.

Na ce a fasa. Dogo ya dube ni. Na ce a fasa mana!

Shida yau.

A mota Baba ya faɗi wata magana game da Mama, ya ce in yi sauri kar ta gaji da jira. Gajiya ce, tun asuba yake tsaye. Na kai shi gida, na zauna har ya ci abinci a gabana. Baba lafiyarsa ƙalau, barci ne bai ishe shi ba.

Malamar asibiti ta turo saƙo tana tambaya ko ta fara kawo kaya. Na ce ta ɗan dakata ana ƙarasa gyare-gyare.

Lahadi, 22 ga wata, ƙarfe 12 na rana

Na ɗauki wayar Yaya yau, don gudun kar a ce na raina na gaba. Ashe har labari ya kai masa, ban san wane mai bakin ba ne. Ya ce, "Auta, kina jan tsoho yana fasa miki gida don ki ci gardama da ni?" Na ce ba gardama ba ce, aiki yake yi, aikin da ya ciyar da mu da shi har kai ka zama abin da ka zama. Ya ce ranar Talatar nan ba ke aka kira ba? Ba ke kika je kika taho da shi ba takalmi ba? Na ce na ji, ya isa, kar ya maimaita min.

Ya ce Asabar yana tafe, kuma da mota babba zai zo saboda kaya. Na ce ya zo, amma ya fara sauka a gidan hayata ƙarfe shida na safe ya ga Baba yana aiki. In ya gani da idonsa ya ce mutumin nan ba ya cikin hayyacinsa, ni da kaina zan naɗe masa tabarma. Ya ce ya yarda.

Na ajiye waya, wallahi daɗi nake ji. Saura ɗaki biyu ba a taɓa ba. Ko makaho ai ya kusa dacewa, balle Baba.

Laraba, 25 ga wata, ƙarfe 5 na yamma

Dogo ya karɓi makulli tun Litinin wai zai ɗauki awo. Yau ya kira ni in zo. Ashe kwana biyun nan aiki yake shi kaɗai. Bututu huɗu ne suka sauko daga tanki, kowane ɗaki da nasa. Sai ya riƙa kwance ɗaya yana toshewa, ya cika tanki ya jira ya gani. Da ya toshe na uku, ruwa ya tsaya cak. Ya sake sakar masa ruwa, ya bi layin har ya samu wurin, a ɗan lungun da ke gaban banɗakin ɗaki na uku, tayil na biyu daga bango. Ya ce in sa kunne a kan sukundireba. Na sa. Na ji shi, siririn tsaki, kamar ana kiran kyanwa daga nesa.

Na yi tsalle na ce Allah ya yi maka albarka! Ya ɗauko guduma. Na riƙe hannun gudumar.

Na roƙi Dogo wata alfarma. Ba zan rubuta ta a nan ba. Ya ce, "Auta, ni ban taɓa yi wa Maigida haka ba." Na ce ba cutarsa za mu yi ba, gidansa za mu bar masa. Na ce ka san shi, in aka kai shi inda bai san kowa ba, bai san hanyar ko'ina ba, wata nawa zai yi? Ya share fuska da hularsa. Ya ce shi ba zai buɗe baki ya ce komai ba, iyaka dai shi ke ɗaukar akwati, kuma akwati ko'ina ana iya ajiye shi.

Ya mayar da bututun huɗu yadda suke, ya naɗa musu sabon farin tef ya ɗaure.

Juma'a, 27 ga wata, ƙarfe 4 na yamma

Na wanke wa Baba rigar aikinsa mai ruwan ƙasa na goge ta. Na sayo sabon alli. Na kai shi aski. Na kasa zama wuri ɗaya, na ɗinka wa wata hannun riga a baibai sai da na farke. Abban yara ya ce me nake ƙullawa ne nake ta murmushi ni kaɗai? Na ce gobe zai ji.

Asabar, 28 ga wata, ƙarfe 11 na safe

Wayyo daɗi! Bari in rubuta tun da zafinsa.

Yaya ya kwana a hanya, shida saura ya iso, fuska a murtuke. Ya ga ramukan falo da na uwar ɗaka, ya dube ni. Baba ya fito daga mota cikin rigarsa, ya amsa gaisuwar Yaya, ya kira shi Babban Mutum yadda yake kiransa tun yana yaro. Na ce a raina, madalla, an fara da sa'a.

Ya tafi gindin tanki ya shafa haɗin nan huɗu. Yau ya daɗe a wurin fiye da kullum. Sai ya juyo ya tuɓe takalmi. Dogo ya wuce gaba da akwati ya shiga ɗaki na uku, ya ajiye shi a tsakiyar lungu, ya koma gefe ya harɗe hannu. Baba ya shigo. Ya dubi akwatin, ya dubi Dogo. Dogo yana ta kallon silin kamar an rubuta masa wasiƙa a can.

Baba ya kafa ƙarfe a bakin ƙofa. Ya matsa. Ya sake matsawa. Ni numfashi ma na daina. Ya zo gefen akwatin ya ɗora kunne, ya rufe ido, ya yi kamar minti uku. Sai ya sa ƙafa ya ture akwatin, ya durƙusa, ya zana gicciye a tayil na biyu daga bango. Ya ce, "Dogo, fasa nan. A hankali, gwiwar bututu ce, tana kusa."

Bugu uku tayil ya tashi. Ƙasar ƙarƙashi baƙa, jiƙe sharkaf. Dogo ya sa hannu ya yaye, sai ruwa ya yi tsiri ya wanke wa Yaya takalmi da ƙafar wando! Na yi guɗa, wallahi na yi, a gaban kowa. Gwiwar bututun ta ci tsatsa, ramin bai fi ƙwayar gero ba. Yaya ya tsaya baki buɗe yana cewa ikon Allah, ikon Allah. Ya karɓi ƙarfen ya sa kunne wai shi ma zai ji, Baba ya ce, "Kai da ko ƙarar ƙofa ba ta tashe ka barci?" Muka kwashe da dariya.

Kafin tara Dogo ya yanke ruɓaɓɓen ya sa sabo. An cika tanki, yana nan cike har yanzu, na leƙa sau huɗu. Na kira malamar asibiti na ce ta kawo kayanta ko yau.

A bakin mota Yaya ya ja ni gefe. Ya ce, "Auta, kin yi gaskiya. Wataƙila na yi gaggawa. A bar shi a gidansa tukuna, ki dai riƙa sa ido." Yaya ne fa ya ce na yi gaskiya! Tun da aka haife ni ban taɓa ji ba. Gobe zai koma da motarsa babba ba komai a ciki.

Na ci! Baba yana nan.

Asabar ɗin dai, ƙarfe 5 da rabi na yamma

Na kai wa Baba abinci. Yaya ya fita gai da abokansa. Na tarar da shi zaune a bakin gado, bai cire rigar aiki ba. Na shiga da tsokana, na ce ina sarkin masu famfo? Ya ce, "Uwata, zauna."

Na zauna.

Ya ce, "Tef ɗin da ke gindin tanki sabo ne, duka huɗun. Naɗin Dogo ne, ni na koya masa, na san hannunsa. Wanda ya kwance layi huɗu ya mayar ya riga ya san wanda ke yoyo." Na buɗe baki, ya ci gaba. "Kuma shekara goma sha biyu yana ɗaukar min akwati, ba ya ajiye shi a tsakiyar hanya. Ranar da ya fara yi na mare shi."

Na ce Baba ai kai ka ji da kunnenka, kowa ya gani.

Ya ce, "Ban ji komai ba. Ran Litinin ma ban ji ba, ran Alhamis ban ji ba. Na sa alli ne don kina tsaye kina kallona. Yau kuma na sa don kar ki ji kunya a gaban yayanki."

Ban san lokacin da na fara kuka ba. Na ce to shi ke nan, ai ya wuce, Yaya ya janye, kana gidanka. Ya girgiza kai. Ya ce yau kansa a washe yake, shi ya sa yake so ya faɗa tun kafin ya gudu masa. Ya ce akwai safiyar da yake tashi bai san ɗakin nan ba. Ya ce ranar Talatar nan ba kuskuren hanya ya yi ba, sunan unguwar ma ya nema ya rasa, da sunana. Ya ce, "Ke kina da shago, kina da yara, yanzu ga 'yan haya. Yayanki ya ajiye aiki, yana gida yini guda. Kin fasa tayil goma saboda ni. Ban san me za ki fasa nan gaba ba."

Na ce ban yarda ba. Na faɗa sau uku. Ya bar ni na gama.

Sai ya ce, "Gobe ki zo da wuri, ki taho da zare da allura."

Lahadi, 29 ga wata, ƙarfe 10 na safe

Shi ya gaya wa Yaya da bakinsa. Bai ambaci akwati ba, bai ambaci tef ba, ya ce dai ya yi sha'awar zama da jikokinsa na can. Yaya ya dube ni, na dubi ƙasa.

Na zo da zare da allura, na ɗauka maɓalli ne ya cire. Ashe ya yayyanka farin ƙyalle ƙanana ya ajiye. Ya ce in rubuta sunansa da lambar wayar Yaya a kowanne, in ɗinke a cikin aljihun rigunansa, saboda can bai san hanya ba, kuma ba kowa ya san shi ba. Na ce in sa tawa lambar ma? Ya ce sa, a ƙasa.

Riguna goma sha ɗaya ne. Yaya yana waje yana loda kaya. Baba yana zaune a gefena yana miƙo min su ɗaya bayan ɗaya, in na gama ya sa yatsa ya ja ɗinkin ya ji ko ya kama.